Fara Aikin Koyarwa a Makarantun Japan: Tambayoyi da Amsoshi ga Sabon Malami Baƙo

Waɗannan tambayoyi sun shafi wanda zai je koyar da Turanci a makarantun gwamnati na Japan, firamare ko sakandare, domin nan ne mafi yawan baƙi suke farawa. Dokoki da farashi suna sauyawa, don haka abin da ke rubuce a takardar kwangilarka da abin da hukumar shige da fice ta faɗa su ne abin riƙewa.

Wane irin aiki ne ainihi? Aji za a damƙa mini?

A'a. Matsayin da ake ɗaukar baƙi a kai shi ne mataimakin malamin harshe, wanda a can kowa yake kira ALT. Doka ta tanadi cewa mai lasisin koyarwa na Japan ne yake da alhakin aji, shi ke ba da maki, shi ke amsa tambayar iyaye. Kai kana gefensa ne: ka furta kalmomi yara su ji, ku yi zance da malamin a gabansu su gani, ka shirya wasanni da takardun aiki, ka saurari jarrabawar baka. Ko da ka shekara 15 kana koyarwa a gida, a takarda mataimaki ne kai, kuma gara ka haɗiye wannan tun kafin ka hau jirgi. Yawancin ɓacin ran shekarar farko daga nan yake tasowa.

Amma abin da ke takarda daban, abin da ke faruwa daban. A firamare sau da yawa malamin aji bai saki jiki da Turanci ba, sai ya koma bayan aji ya bar maka allo gaba ɗaya. A ƙaramar sakandare kuwa akwai malamin Turanci na musamman, wani zai raba darasin da kai biyu, wani kuma ba abin da zai nema gare ka sai ka karanta masa sababbin kalmomi.

Ta wace hanya ake samun aikin?

Hanyoyi uku ne. Ta farko shirin gwamnati mai suna JET, wanda aka fara a 1987. Ana nema ta ofishin jakadancin Japan, akasari ana isa a ƙarshen Yuli ko Agusta, ana iya sabuntawa har shekara 5. Shi ya fi albashi da kulawa, amma ba kowace ƙasa ke da gurbi ba, kuma a Afirka ƙasar Afirka ta Kudu ce ta fi tura mutane. Ka tambayi ofishin jakadancin da ke Abuja ko Akara kafin ka ɗora buri a kai.

Ta biyu kamfanonin da ke karɓar kwangila daga hukumomin ilimi na birane su tura malamai makarantu, irin su Interac, Altia Central da Borderlink. Ta nan 'yan Najeriya da Gana da dama suke shiga. Ta uku ita ce hukumar ilimi ta gari, kyoiku iinkai, ta ɗauke ka kai tsaye. Wannan ta fi daɗi, sai dai da wuya a ba wanda bai riga ya zauna a ƙasar ba.

Shekarar karatu tana farawa a Afrilu ta ƙare a Maris. Mai son farawa a Afrilu ya soma nema tun wajen Satumba zuwa Nuwamba na shekarar da ta gabata.

Waɗanne takardu ake nema, kuma wace biza ce?

Bizar koyarwa a makarantar gwamnati sunanta kyoiku. Ana son digiri na farko a kowane fanni, ba lallai sai na ilimi ko na Turanci ba. Sharaɗin da ya fi kama mutanenmu shi ne na biyu: shaidar cewa ka yi aƙalla shekara 12 kana karatu da harshen da za ka koyar. Ke nan sai ka tattaro takardar firamare, ta sakandare, da wasiƙu daga makarantun masu cewa da Turanci aka koyar da kai. Wanda takardar firamarensa ta ɓata ya fara neman madadinta tun yanzu, don ita ce takan tsayar da komai. Wanda ya yi karatunsa da Faransanci a Nijar ko Chadi, ko da Larabci, wannan sharaɗin zai iya tare masa hanya ko da Turancinsa ya fi na kowa.

Mai ɗaukar ka aiki shi zai nema maka takardar cancanta daga hukumar shige da fice, abin da kan ɗauki wata 1 zuwa 3. Idan ta fito, wata 3 ne wa'adinta, a ciki za ka karɓi biza ka shiga ƙasar. Ka tabbata sunanka iri ɗaya ne a fasfo da digiri da sauran takardu. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan gari a wata takarda babu shi a wata, ƙaramin abu ne a wurinmu amma yana iya jawo makonni na jinkiri. In akwai bambanci, ka haɗa da takardar rantsuwa daga kotu tun farko.

Cibiyoyin koyon Turanci masu zaman kansu, da ake kira eikaiwa, bizarsu daban ce. Ba a tsallaka daga wannan aiki zuwa wancan sai an canza matsayin zama.

Wani ya ce in biya shi zai samo mini aikin. In biya?

Kada ka biya. Kamfanonin gaskiya ba sa karɓar kuɗin neman aiki, a shafinsu ake cike takarda, a yi ganawa ta bidiyo, a sa ka gwada ɗan darasi. A Agustan 2025 labari ya bazu cewa Japan ta ware birnin Kisarazu ga 'yan Najeriya tare da biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta ƙaryata, daga baya ma aka janye shirin gaba ɗaya. Duk wanda ya zo maka da irin wannan zance yana neman kuɗin fom, aljihunka yake hari.

Nawa ake biya, kuma da nawa ya kamata in zo?

A shirin JET, tun daga 2025 albashin shekarar farko yen, kuɗin Japan, miliyan 4.02 ne, wato 335,000 a wata kafin a cire komai. A kamfanoni yawanci tsakanin 200,000 ne da 250,000 a wata, wasu kuma suna rage albashin watannin da ake hutu, musamman Agusta da Disamba, wani lokaci har da Maris da Afrilu. Saboda haka kada ka ninka albashin wata sau 12 ka ce shi ne naka. Ka nemi a gaya maka jimillar shekara.

Daga ciki za a cire inshorar lafiya da fansho, kusan kashi 15 cikin 100, sai harajin albashi. Akwai kuma harajin mazauna gari, juminzei, kusan kashi 10 cikin 100 na abin da ka samu a shekarar da ta wuce. A shekarar farko ba ka biyan sa tunda ba ka da kuɗin shiga na bara a Japan, sai a watan Yunin shekara ta biyu takardar ta iso. Mutane da yawa sukan saba tura wa gida wani adadi, sai wannan haraji ya zo ya rikita musu lissafi. Ka fara ware masa wani abu tun albashin farko.

Kamfanoni da yawa suna biyan aikin wannan wata ne a ƙarshen wata mai zuwa. Wanda ya fara a Afrilu zai iya kaiwa ƙarshen Mayu bai ga ko sisi ba. Ga kuɗin kama ɗaki, wanda ya haɗa kuɗin ajiya, da kuɗin godiya ga mai gida wanda ba a maidowa, da ladan dillali, da kuɗin kamfanin da zai tsaya maka, har ya kan kai hayar wata 4 ko 5. Zuwa da ƙasa da yen 400,000 zuwa 500,000 ganganci ne, sai in an ba ka ɗaki da kaya a ciki.

Me zan duba a kwangila kafin in sa hannu?

Sa'o'in aiki a mako, da ko za a saka ka a inshorar ma'aikata, shakai hoken, inda mai aiki ke biyan rabi. A da wasu kamfanoni sukan rubuta awa 29.5 a mako don su kauce wa wannan. An tsaurara dokar a 2022 da 2024, yanzu awa 20 a mako ta isa a kamfanin da ke da ma'aikata 51 ko fiye. Duba ranar farawa da ranar ƙarewa, don wasu kwangiloli ba sa cika shekara, suna barin giɓin makonni ba albashi. Duba makarantu nawa za ka riƙa zagayawa, wa ke biyan kuɗin mota, da ko wurin sai da tuƙi.

Ka kuma tambayi irin yarjejeniyar da ke tsakanin kamfanin da makaranta. A irin da ake kira haken, malaman makaranta suna iya ba ka umarni kai tsaye. A gyomu itaku kuwa doka ba ta ba su wannan dama ba, sai ta hannun kamfani. Rashin sanin wannan yakan sa sabon malami ya ɗauka ana guje masa, alhali malaman doka suke kiyayewa.

Na sauka. Me zan fara yi?

A manyan filayen jirgi irin su Narita, Haneda da Kansai, nan take za a ba ka katin zama, zairyu kado. Dole ya kasance a jikinka kullum, ɗan sanda yana da ikon ya nema. Cikin kwana 14 da samun masauki ka je ofishin gari a rubuta adireshinka a bayan katin. Sai da wannan za ka iya buɗe asusun banki da sayen layin waya, kuma bankin gidan waya, Yucho, ya fi sauƙi ga sabon zuwa. Ka sa a sassaƙa maka hatimin suna, hanko, don a makarantu da yawa da shi ake buga littafin halarta kowace safiya. Ka karɓi jadawalin zubar da shara daga ofishin garin ka manna a bango: kowane irin shara da ranarsa da irin jakarsa, kuma ba abin da ke haɗa baƙo faɗa da maƙwabta kamar wannan.

Yaya ranar farko a makaranta take?

Ka sa kwat mai duhu, ka isa minti 15 kafin lokaci. Ka zo da takalmi sabo wanda bai taɓa taka waje ba, domin a ƙofa ake cire na waje a sa na ciki. Ka duba safarka kada ta kasance da huji. Za a fara kai ka wurin shugaban makaranta, kocho sensei, sannan mataimakinsa, kyoto sensei. Wannan na biyun shi ne mai tafiyar da harkokin yau da kullum, wurinsa ake neman izini, don haka ka riƙe fuskarsa da sunansa.

Za a tsayar da kai a ɗakin malamai ka gabatar da kanka, wataƙila kuma a gaban ɗaukacin ɗalibai a zauren wasanni. Jimla huɗu ko biyar da Japananci sun isa: sunanka, ƙasarka, abin da kake so, ka rufe da yoroshiku onegaishimasu, ka ɗan rusuna. Ba a miƙa hannu sai in an miƙo maka. Kowane malami ana kiransa da sunan danginsa a haɗa da sensei, wato malam, amma kai ba ka kiran kanka sensei. In ka zo da ɗan tsaraba daga gida, ya zama abin da aka naɗe ɗaya-ɗaya yadda za a ajiye wa kowa a teburinsa. Dabino ko alewa a leda sun dace. Kilishi kuwa kada ka ɗauko shi, an hana shigo da nama, kuma akwai hukunci mai tsanani a kai.

Gaisuwa a can tana da nauyi kamar yadda take a wurinmu, sai dai gajera ce. Da safe in ka shiga ɗakin malamai ka ce ohayo gozaimasu da murya yadda kowa zai ji. In za ka tashi ka ce osaki ni shitsurei shimasu, wato a gafarce ka za ka riga su tafiya, su kuma su amsa da otsukaresama deshita, daidai da sannu da aiki. Wanda yake sulalewa ba sallama, ko da darasinsa ya fi na kowa kyau, ba za a saki jiki da shi ba.

Sai na iya Japananci?

Ba sharaɗin ɗauka ba ne, amma rayuwa ba shi tana da wuya. Ka koyi baƙaƙen hiragana da katakana kafin ka taso, 46 ne kowannensu, mako biyu zuwa uku sun isa. Za su taimaka maka wajen karanta jadawalin da ke allon ɗakin malamai da sunayen yara.

Ta yaya zan yi aiki da malamin da nake taimaka wa?

Darasi minti 45 ne a firamare, 50 a sakandare. Tun 2020 'yan aji 3 da 4 na firamare suna yin Turanci sau ɗaya a mako, 'yan aji 5 da 6 kuma sau biyu, da maki. Tsakanin darasi da darasi minti 5 ne zuwa 10, malamin kuma yana da aji, da kulob ɗin wasanni, da taro, da iyaye. Ba shi da lokacin zama da kai awa guda. Abin da ke aiki shi ne ka rubuta shirinka a takarda ɗaya, da Turanci mai sauƙi, da mintocin kowane mataki, da wanda zai yi me, ka ajiye masa a tebur kwana biyu kafin darasin. Sannan ka same shi ka ce ko yana da minti biyu.

Ka koyi jin a'a da ba a furta ba. In ka kawo shawara ya ja numfashi ya ce chotto muzukashii, wato da ɗan wuya, ya ƙi ke nan. Bahaushe ya san irin wannan, kamar a ce maka sai mun gani. Kada ka matsa. Kuma in malamin ya yi kuskuren Turanci a gaban yara, kada ka gyara shi a wurin. Ka maimaita jimlar daidai kamar ba komai, in ya so bayan darasi ku yi magana ku biyu. Malamin da aka kunyata sau ɗaya a gaban ajinsa zai iya mai da kai gefe har shekara ta ƙare.

Ma'aikatan Japan suna da wata ƙa'ida da suke taƙaitawa da horenso: ka ba da rahoto, ka sanar, ka yi shawara. Sabon wasa, kai yara waje, raba alewa ko sitika, nuna bidiyo, duk a tambaya tukuna. Yin gaban kai, ko da sakamakon ya yi kyau, ana ƙirga shi a matsayin laifi.

Na yi tambaya aji ya yi tsit. Ba sa so na ne?

Ba haka ba ne. Yaro a can yana tsoron yin kuskure a gaban 'yan uwansa fiye da yadda yake son yabo. Jefa tambaya ga aji gaba ɗaya ba ya haifar da komai, musamman daga aji 2 na ƙaramar sakandare. Ka ba su sakan 30 su tattauna bibbiyu, sannan ka kira layi ko lamba. In ana son sanin wanda zai fara, a yi janken, wasan dutse da almakashi da takarda, wanda da shi suke raba kowace gardama. Ka rage magana, ka nuna: kai da malamin ku yi wasan sau ɗaya a gabansu ya fi bayanin minti biyar.

Game da furuci, Bahaushe yana da wata fahimta da Ba'amurke ba shi da ita. Yadda muke cusa wasali a kalmar aro mu ce bokiti ko burodi, haka su ma suke yi, tebur a bakinsu teburu ne. Ka san daga ina matsalar take, don haka za ka iya gyara ta: ka tafa hannu a kan kowace gaɓa su ji cewa kalmar table gaɓa biyu ce ba uku ba. Suna kuma haɗa r da l. Kai ma ka binciki naka bakin. Rikita p da f da muke yi, yara za su kwaikwaye shi daidai yadda suka ji. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Littattafansu Turancin Amurka suke bi a rubutu da furuci, wanda ya tashi da rubutun Ingila sai ya riƙa duba littafin kafin ya hau allo.

An ce alamar maki ta bambanta?

Ƙwarai. Da'ira, maru, ita ce daidai. Alamar da muke sa wa amsar da ta yi daidai, a can kuskure take nufi. Sabon malami yakan cika takardar yaro da ita cikin jan biro, yaron ya karɓa idonsa ya kawo ruwa. Aiki mai kyau sosai ana yi masa da'ira mai kamar fure, hanamaru.

Yaro ya yi rashin kunya, me zan yi?

Ba duka, ba jan kunne, ba sa kneel ko tsallen kwaɗo, ba tsawa a fuska. Dokar ilimi ta 1947 ta haramta horon jiki, kuma baƙon da ya taɓa yaro zai iya rasa aikinsa. Horo aikin malamin aji ne. Ka matsa kusa da yaron ka ci gaba da darasi, in abin ya ƙi ka kalli malamin. Za ka ga ɗalibi yana barci a aji ba a tashe shi ba, ka bar shi ka tambayi malamin daga baya.

Yaran firamare za su so taɓa gashinka da fatarka, su yi tambayoyin da babba ba zai yi ba. Yawanci son sani ne, da yawansu ba su taɓa ganin baƙar fata ido da ido ba. Ka amsa a taƙaice cikin fara'a, in abin ya wuce gona da iri ka ce dame, wato ba a yi, ka sanar da malamin aji. Kada ka ɗauki hoton ɗalibi da wayarka, kada ka sa shi a Facebook, kada ka ba ɗalibi lambarka ko ku haɗu a manhajar saƙo ta LINE, kada ka keɓe da ɗalibi a ɗaki a rufe.

Ni Musulmi ne. Yaya zan yi da abincin rana?

Wannan na bukatar shiri tun kafin ranar farko. A firamare da yawancin ƙananan sakandare ana cin abinci ɗaya, kyushoku, a cikin aji, yara ne suke rabawa sanye da fararen riguna. Kuɗinsa wajen yen 300 ne a rana. Naman alade yana yawan fitowa, kuma ko ranar da ba a gan shi ba yana iya kasancewa a romo, ko kitse, ko sinadarin daskarar da kayan zaki. Ana kuma dafa abinci da mirin, wanda giyar shinkafa ce mai zaƙi. Cewa za ka tsince naman ka ci saura ba mafita ba ce.

Mafi sauƙi ka ce za ka riƙa zuwa da naka abincin, bento. Makarantu sun saba da haka saboda yara masu rashin jituwa da wasu abinci. Ka faɗa wa kamfani ko hukumar ilimi tun kafin a saka sunanka, domin ana yin odar abincin ne tun da wuri, sokewa a makare kuma sai ka biya. In an gayyace ka cin abinci tare da yara ka je da naka, nan ne suka fi sakin baki su gwada Turanci. Don sayayya, ka haddace alamar alade 豚 da ta giya 酒. Shagunan Gyomu Super suna sayar da daskararriyar kaza mai tambarin halal, a Tokyo kuma akwai shagunan Musulmi a Shin-Okubo.

Salla fa, da Juma'a, da azumi, da hijabi?

Azahar tana faɗawa cikin lokacin aiki, a hunturu har La'asar, don rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4:30 a Tokyo cikin Disamba. Ka je wurin kyoto sensei ka yi bayani a sarari: minti 5 zuwa 10, a lokacin hutun rana, a ɗakin da ba kowa. Akasari za a nuna maka ɗakin canza kaya ko wani ajin da ba a amfani da shi. Abin da ba sa so shi ne a neme ka a rasa ba a san inda kake ba. Wajen alwala ka riƙe ƙaramin tawul ka goge inda ruwa ya zuba, sa ƙafa a kwanon wanke hannu kuwa yana tayar musu da hankali. Ka yi a famfon waje, ko ka yi alwala daga gida ka yi shafa a kan huffi bisa sharuɗɗansa.

Juma'a ita ce mai wuya, gaskiya. Ranar aiki ce, masallatai kuma sun fi yawa a manyan birane, irin Tokyo Camii da masallacin Kobe wanda aka gina a 1935. Wanda aka tura ƙauye zai iya yin tafiyar awa biyu kafin ya ga masallaci. In wannan abu ne da ba za ka iya haƙura da shi ba, ka faɗa tun wajen ganawa, ka nemi a tura ka kusa da birni. Da azumi ka sanar mako biyu kafin ya kama. Ranar Salla kuma daga hutunka na shekara za ka ɗauka.

Ke kuma 'yar uwa, ba dokar da ta hana hijabi a makaranta. Ki sa shi a hoton takardar neman aiki da wajen ganawa yadda makarantar za ta san da shi tun farko. Mai launi ɗaya, marar tsawo sosai, ya fi sauƙi wajen wasa da yara.

Ana gayyata ta liyafar malamai, kuma ana shan giya.

Sunanta enkai, ana yin ta farkon shekara, ƙarshenta, da bayan manyan bukukuwa, kowa yakan ba da yen 4,000 zuwa 6,000. Ba dole ba ce. Wanda ya je, shayin oolong ko lemo ya wadatar, malamai da yawa ma ba sa sha saboda za su tuƙa mota. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da zama a wurin ba ya ba da haƙuri da wuri, ya nemi kusanci ta wata hanya: ya taya share makaranta a minti 15 na shara da ake yi kullum tare da yara, ya leƙa kulob ɗin ƙwallo, ya taimaka ranar wasannin makaranta.

In na makara ko na kwana ba lafiya fa?

Isa a kan lokaci daidai, a wurinsu latti ne. In ka ga za ka makara ko da minti 5, ka buga waya kafin lokacin ya yi, ba saƙo ba. In jirgin ƙasa ne ya yi jinkiri, ka karɓi takardar shaida a tashar. Hutun shekara, nenkyu, a doka kwana 10 ne bayan wata 6 na aiki, wasu wuraren suna ba da har 20. Hutun rashin lafiya daban yake, ba kowace kwangila ke da shi ba, inda yake kuma akan nemi takardar likita ko rasit. Da inshora kashi 30 cikin 100 na kuɗin asibiti kake biya. In mura mai zafi ce ta influenza za a ce ka zauna gida kwanaki, kada ka yi jarumtar zuwa. Lambar motar asibiti da kashe gobara 119, ta 'yan sanda 110.

Sanyi ma abin shiri ne. Barandun makarantu da zauren wasanni ba a ɗumama su, sai ka sa riguna masu riƙe zafi a ƙarƙashin kaya tun daga Nuwamba.

Zan iya yin wani aiki a gefe, ko in kawo iyalina?

Bizar kyoiku ta koyarwa a makaranta ce kawai. Koyarwa a cibiya mai zaman kanta da yamma sai da izini na musamman daga hukumar shige da fice, da kuma yardar mai ɗaukarka aiki. Yin sa a ɓoye yana iya hana a sabunta maka zama. Mata da 'ya'ya suna iya zuwa da bizar iyali in albashinka ya nuna za ka iya riƙe su, matar kuma tana iya aiki har awa 28 a mako bayan ta karɓi izini. A kan albashin kamfani, gara ka yi shekara ɗaya kai kaɗai ka ga yadda lissafin yake.

Me ke faruwa a ƙarshen shekara?

A ƙarshen Maris ana yi wa malamai sauyin wurin aiki, sai ka dawo a Afrilu ka tarar malamin da kuka saba ya tafi, wani lokaci har da shugaban makaranta. Kamfaninka ma yana iya rasa kwangilar garin, a ce ka koma wani gari ko ka nemi aiki a kamfanin da ya karɓa. Saboda haka daga Janairu ka fara tambaya, ka sabunta takardunka. In ka canza wurin aiki ka sanar da hukumar shige da fice cikin kwana 14. Ana iya neman sabunta biza tun saura wata 3 ta ƙare, kuma za a duba ko ka biya haraji da inshora.

Wanda zai koma gida gaba ɗaya yana iya karɓo wani kaso na kuɗin fanshon da aka cire masa, matuƙar ya biya na aƙalla wata 6. Ana lissafa har na wata 60, kuma dole a nema cikin shekara 2 da barin ƙasar. Za a cire harajin kashi 20.42 cikin 100, wanda ake iya maidowa idan ka naɗa wakilin haraji mazaunin Japan a ofishin haraji kafin ka tashi. Ka biya ragowar harajin gari, ka sanar da ofishin gari cewa za ka tafi, ka adana lambar fanshonka da kwafin fasfonka, don da su za ka cike takardar daga gida.